Magaji Ɗan Yamusa Na Keffi

Jama'a, yaranmu sun san tudun Maloni, amma kaɗan ne suka san Magaji Ɗan Yamusa. Shi ne wakilin Sarkin Zazzau a nan Keffi, mayaƙi ne wanda har Sarkin gari ke shakkarsa. Da Turawa suka nemi ya miƙa wuya, sai ya ƙi. A watan Oktoba na 1902 ya kashe Kyaftin Maloni, ya hau doki sai Kano, inda Sarki Alu ya karɓe shi da girma. Turawa kuwa suka riƙe wannan hujja, suka ci Kano a 1903. Ɗan Yamusa ya bi Sarkin Musulmi Attahiru, tare suka kwanta dama a yaƙin Burmi cikin wannan shekara. Allah Ya jiƙan mazan jiya, amin.