Taƙaitaccen Tarihin Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata (1877–1955): Marayan da Ya Zama Inuwar Jama'a

 Kamar yadda aka saba, wannan mujalla takan keɓe wasu shafuka a kowace shekara domin waiwayen rayuwar ɗaya daga cikin magabatan da suka yi wa ƙasar Kano hidima. A bana mun zaɓi marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata, attajirin da sunansa ya zama abin buga misali a bakin Hausawa. Abin da yawancin jama'a suka sani game da shi bai wuce dalar gyaɗa da raƙuman kuɗi ba. Amma mu 'yan wannan ƙungiya, waɗanda mafi yawanmu ke neman abinci a Kasuwar Sabon Gari da Kantin Kwari da sauran sassan Fagge, abin da ya fi kamata mu sani shi ne yadda hannun wasu ya tallafe shi tun yana maraya, da kuma yadda shi ma ya tallafi wasu a lokacin da Allah Ya buɗa masa.

Asalinsa da Haihuwarsa

An haifi Alhassan a garin Bebeji a shekarar 1877. Iyayensa Agalawa ne, wato zuriyar fataken nan da suka shahara da safarar goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. Kakansa, Baba Talatin, shi ne ya taso da iyalinsa daga ƙasar Katsina ya zauna a Madobi. Mahaifinsa Abdullahi ya gaji fatauci, daga baya ya koma Bebeji, wadda a wancan zamani zango ce a kan hanyar ayari. Mahaifiyarsa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai abin hannunta.

Alhassan bai kai shekara goma ba Allah Ya yi wa mahaifinsa rasuwa, wajen shekarar 1885. Bayan haka mahaifiyarsa ta tafi Ankara ta ƙasar Gana ta yanzu, ta bar shi da 'yan'uwansa a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan mai suna Tata. Wannan baiwar Allah ce ta ɗauki nauyin renonsu, ta kula da cinsu da suturarsu, ta kuma koya wa Alhassan tsimi da tanadi tun yana ƙarami. Saboda shaƙuwar da ke tsakaninsu ne mutanen gari suka riƙa kiransa Ɗan Tata, sunan ya bi shi har ya danne na mahaifinsa. Ya kamata mai karatu ya lura da wannan wuri: sunan da a yau yake rubuce a jikin kamfanoni da makarantu da asibitoci, sunan wata tsohuwa ne wadda ba ta mallaki komai ba sai tausayi da ƙarfin jikinta.

Tasowarsa da Gwagwarmaya

Alhassan ya yi karatun allo a Bebeji, ya kuma ɗanɗani rayuwar almajirci, ya yi wa malaminsa hidima, ya ci abincin gidajen da ba na iyayensa ba. Da ya kai kimanin shekara 15 sai ya bi ayarin Gwanja domin ya je ya ga mahaifiyarsa a Ankara. Ya zauna can na ɗan lokaci yana karatu yana kuma ganin yadda ake ciniki a bakin teku, sa'an nan ya komo gida.

Bai daɗe da komowa ba sai Yaƙin Basasar Kano ya ɓarke a shekarar 1893, bayan rasuwar Sarki Muhammadu Bello, tsakanin magoya bayan Sarki Tukur da Yusufawa. Yaƙin ya rutsa da Bebeji, aka kama mutane da yawa, cikinsu har da Alhassan da 'yan'uwansa Bala da Sidi, kuma ba su kuɓuta ba sai da aka biya fansa. Ke nan kafin ya kai shekara 20 ya riga ya san maraici, ya san yunwa, ya san zama a hannun wani. Hausawa sun ce wanda ya sha wuya shi ya san daɗi, kuma duk wanda ya dubi yadda ya tafiyar da dukiyarsa daga baya zai ga tabon waɗannan shekaru a cikinta.

Daga Goro Zuwa Gyaɗa

Da ƙura ta lafa sai ya kama sana'ar iyaye da kakanni. Abin da ya bambanta shi da sauran fatake shi ne saurin gane sabuwar hanya. Maimakon doguwar tafiyar jakai ta watanni zuwa Gwanja, sai ya riƙa bi ta Ibadan da Ikko, yana ɗauko goro a jirgin ruwa daga Ankara da Sakandi, yana haɗawa da tsakiya da duwatsun wuya da yadin Turawa. Ta haka ya riƙa juya jarinsa sau da yawa a lokacin da wasu ke yin tafiya ɗaya.

A shekarar 1911 layin dogo ya iso Kano, aka fara jigila sosai a 1912, kuma wannan ne ya sauya fasalin yankinmu baki ɗaya. Fagge, wadda tun zamanin da take zangon Buzaye da sauran baƙin fatake a bayan ganuwa, ta sami sababbin maƙwabta: tashar jirgi, da kantunan Turawa da na Kwarori, sai kuma Sabon Gari da aka yanka wajen shekarar 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Kasuwar da ta tsiro a can ita ce a yau ake kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi. A cikin waɗannan shekaru ne Alhassan ya dawo birnin Kano da zama, ya gina gida a Sarari, kusa da Ƙoƙi.

A shekarar 1918 kamfanin Neja ya nemi ya zama wakilinsa na sayen gyaɗa, daga baya kuma ya ci gaba da hulɗa da kamfanin UAC wanda ya gaje shi. Kafin shekarar 1922 ya riga ya zama attajirin da ya fi kowa a Kano, ya sha gaban manya irin su Umaru Sharubutu Ƙoƙi da Maikano Agogo. A 1929 ya kai ajiyar kuɗin azurfa, kayan raƙuma 20, a bankin Turawa wanda a yau ake kira First Bank. Dalar gyaɗa kuwa, wadda kowace guda kan ɗauki buhu har 15,000, ta zama tambarin Kano a idon duniya, kuma ba a ambatonta ba tare da an ambace shi ba.

Yadda Ya Tallafi Jama'a

Taimakon Alhaji Alhassan na farko, wanda kuma ya fi kowanne daɗewa, shi ne ba da jari. Cinikin gyaɗa ba ya yiwuwa sai da amintattun wakilai masu shiga ƙauyuka da sikeli da buhuna. Shi kuwa yakan ɗauko yaro wanda ba shi da ko anini, ya jarraba amanarsa da ƙaramin abu, in ya cika sai a ƙara masa, har ya kai ga tsayawa da ƙafafunsa. Haka nan yakan ba manoma kuɗi tun kafin kaka, su biya da amfanin gona. Matarsa Umma Zariya ita ce ke kula da ciniki da matan kulle, saboda haka alherin ya shiga har cikin gidaje. Gidajen kasuwanci da dama a Kano sun samo tushensu ne daga irin wannan riƙo.

Ta fuskar addini, ya sauke farali a cikin shekarun 1920, a zamanin da zuwa Makka ke cinye watanni ko ma shekaru. Bayan ya dawo sai ya ɗauki al'adar biya wa wasu kuɗin aikin Hajji, al'adar da zuriyarsa suka riƙe bayansa. Yana da masallaci da makarantar Alƙur'ani a gidansa, yana kuma ɗauke da nauyin malamai. Masu tarihi sun ruwaito cewa yana fitar da zakkarsa a kan kari, kuma a kowace Babbar Salla yakan yanka shanu masu yawa a raba wa mabukata. Duk da wannan yalwa, an shaide shi da sauƙin ci da sauƙin sutura da ƙyamar almubazzaranci. Tarbiyyar Tata ba ta bar shi ba har tsufansa.

Daɗin daɗawa, ya fahimci cewa akwai aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya komai dukiyarsa. A ƙarshen shekarun 1940, da attajiran Kano suka yi shawarar haɗa ƙarfi su kafa kamfanin 'yan ƙasa domin buɗe masaƙar zamani ta farko mallakar 'yan Arewa, yana cikin na gaba-gaba, kuma a 1949 ya ba da kadara ta fam 10,200 domin wannan aiki. Mutumin da zai iya cin gashin kansa ya zaɓi ya zauna a inuwa ɗaya da takwarorinsa, domin a sama wa 'ya'yan talakawa aikin yi. A ƙarshen rayuwarsa an sa shi cikin majalisar Sarkin Kano, inda ya zama muryar 'yan kasuwa.

Rasuwarsa da Abin da Ya Bari

Da ciwon ajali ya kama shi a shekarar 1955, sai ya tara 'ya'yansa da manyan yaransa, cikinsu har da mai kula da kuɗinsa Garba Maisikeli, ya yi musu wasiyya da su haɗa kansu, su riƙe zumunci, kada su bari abin da aka tara ya wargaje. Allah Ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari.

Zuriyarsa sun riƙe wasiyyar. Alhaji Sanusi Ɗantata, wanda ya rasu a 1997, ya shahara da ɗaga ƙananan 'yan kasuwa da hidimar malamai. Alhaji Aminu Ɗantata ya gina cibiyar wankin ƙoda mai ɗauke da sunan mahaifinsa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma a 2024 ya ba da naira biliyan 1.5 ga waɗanda ambaliyar Maiduguri ta shafa, kafin rasuwarsa ranar 28 ga Yuni, 2025, aka kuma binne shi a Madina. Hajiya Mariya Sanusi Ɗantata ta yi suna wajen ciyar da mabukata, musamman a watan azumi. Ɗanta Alhaji Aliko Ɗangote shi ne ya jagoranci kwamitin neman gudummawa bayan gobarar da ta cinye shaguna fiye da 3,000 a Kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, ya kuma ba da naira miliyan 500 a 2017 domin waɗanda gobarar kasuwannin Kano ta shafa.

Darasi Ga 'Yan Ƙungiya

Ya 'yan'uwa, akwai haɗari guda a cikin karanta tarihin attajirai, shi ne mutum ya naɗe hannu ya ce taimakon al'umma aikin masu kuɗi ne. Wannan tunani shi ke kashe ƙungiyoyi irin tamu: a kira taro a ga kujeru wayam, a zo karɓar kuɗin wata kowa ya ce kasuwa ba ta ci, a nemi masu fita aikin gayya a rasa, kowa na jiran wani babban mutum ya zo ya yi. Tarihin Alhaji Alhassan ya rushe wannan uzuri tun daga tushe. Kafin a sami attajirin da ya ba da shanu, sai da aka sami tsohuwar da ta ba da lokacinta, da malamin da ya koyar ba albashi, da matan Bebeji da suka zuba wa almajiri tuwo a ƙoƙo. Da waɗannan sun ce ba su da hali, da ba a kai ga dalar gyaɗa ba.

Waɗanda suka ga gobarar 2016 sun san wannan da idonsu. Tsakanin ranar da wuta ta ci shago da ranar da babbar gudummawa ke isowa akwai watanni masu tsawo, kuma wanda ke riƙe ɗan kasuwa a wannan tsakani shi ne maƙwabcin da ya matsa masa gefen rumfa, da uban gidan da ya ba shi kaya bashi, da 'yan adashin da suka bar masa kwasar farko. Haka nan maƙwabtanmu na Sabon Gari sun daɗe suna gina ɗakunan taro da makarantu da kuɗin karo-karo na ƙungiyoyin garuruwansu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abu na biyu shi ne tsari da amana. Marigayi bai yi kyauta da ka ba. Yana da lissafi, yana da amintattu, yana bin sawun abin da ya bayar. Saboda haka wajibi ne shugabannin ƙungiya su rubuta duk kwabon da ya shigo da wanda ya fita, su karanta wa 'yan ƙungiya a bainar jama'a, domin mai bayarwa ba ya sake miƙa hannu inda bai ga inda na farko ya tafi ba. Abu na uku kuma shi ne fifita taimakon da ke tsayar da mutum da ƙafafunsa: kuɗin makarantar maraya, da jarin bazawara, da koya wa matashi sana'a a shago.

Muna kira ga kowane ɗan ƙungiya da ya dubi abin da Allah Ya hore masa a wannan shekara. Mai kuɗi ya ba da kuɗi, malami ya ba da sa'a biyu a mako ga yaran unguwa, ma'aikacin lafiya ya duba tsofaffi, matashi ya fito yashe magudanar ruwa kafin damina, mai shago ya ɗauki maraya guda ya koya masa ciniki. Babu wanda ya san wane ne a cikin yaran da ke yawo tsakanin rumfunan Kasuwar Sabon Gari a yau Allah zai ɗaukaka gobe.

Allah Ya jiƙan Alhaji Alhassan Ɗantata, Ya jiƙan Tata da ta rene shi, Ya gafarta wa iyayenmu da magabatanmu, Ya sa Aljanna ce makomarsu. Allah Ya tsare kasuwanninmu daga gobara da asara, Ya haɗa kanmu a kan alheri, Ya sa mu cika da imani. Amin.