Fanny Crosby: Makauniyar Da Ta Ba Ikilisiya Waƙoƙi

'Yan'uwa cikin Kristi, akwai waɗanda suka daina zuwa sujada a cikinmu saboda kunyar sanda, ko gurguntaka, ko rashin karatu. Dominsu muka kawo tarihin wannan baiwar Allah.

An haifi Fanny Crosby ran 24 ga Maris 1820 a jihar New York ta Amurka. Tana da mako shida idanunta suka kumbura. Iyalinta sun ce wani mai magani ne ya ɗora mata haɗi mai zafi har ya lalata idanun, ko da yake waɗansu likitocin zamani suna ganin da makantar aka haife ta. Kafin ta cika shekara ɗaya mahaifinta ya rasu. Uwarta ta shiga aikatau, kakarta Eunice kuwa ta riƙe ta, tana kwatanta mata kamannin furanni da tsuntsaye. Daga baya wani babban likita, Valentine Mott, ya duba ta ya ce ba magani.

Yarinyar ba ta zauna zaman makoki ba. Tun tana ƙarama ta haddace Bishara huɗu, da littattafan Musa biyar, da Zabura masu yawa. A 1835 ta shiga makarantar makafi ta birnin New York, inda daga baya ta zama malama. Da annobar kwalara ta auku a 1849, ta tsaya tana jinyar marasa lafiya. Mace-macen da ta shaida sun dami zuciyarta ƙwarai, har a Nuwamba 1850, a wani taron farkawa na Methodist, ta miƙa kanta ga Ubangiji ɗungum.

Kada mu ɗauka ba ta da kasawa. Lissafi ya gagare ta, rubutun hannu kuma da ƙyar take iya sa sunanta. Ta auri makaho mai kiɗa, Alexander van Alstyne, a 1858. Jaririn da suka haifa a 1859 bai daɗe ba ya rasu, kuma shekaru da yawa ita da mijinta ba su zauna gida ɗaya ba. Masu suka sun ce waƙoƙinta ba su da zurfi.

Amma ba ta tsani kanta ba, ba ta kuwa riƙe mai maganin nan a zuciya ba. Tun da hannu ya ƙi, sai ta riƙa tsara waƙa a ka, ta faɗa wani ya rubuta. Daga 1864, lokacin da ta fara aiki da William Bradbury, ta tsara waƙoƙin yabo fiye da 8,000. Dala ɗaya ko biyu ake biyanta kowace waƙa, yawancin kuɗin kuma ta ba matalauta. Ta rasu ran 12 ga Fabrairu 1915 a Bridgeport, tana da shekara 94.

Mu tuna da Manzo Bulus, wanda ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a kuwa cire ba, sai alheri aka ba shi (2 Korantiyawa 12). Mu tuna kuma Yesu bai ɗora wa makahon nan ko iyayensa laifi ba (Yahaya 9). In Ubangiji bai hukunta mu saboda rauninmu ba, don me za mu hukunta kanmu? Ɗan'uwa, ɗauki sandarka ka dawo sujada, wurin zamanka yana nan. Mu kuma masu ido da ƙafa, mu je mu riƙo hannunsa ranar Lahadi. Allah ya taimake mu, amin.