Flora Shaw, Matar da Ta Raɗa wa Nijeriya Suna

An haifi Flora Shaw a Woolwich, ƙasar Ingila, a shekarar 1852. Da ƙagaggun labarai na yara ta fara rubutu, littafinta na farko, Castle Blair, ya fito a 1877. Daga bisani ta shiga aikin jarida, har ta zama edita mai kula da labaran ƙasashen mulkin mallaka a jaridar The Times ta Landan. A ranar 8 ga Janairu, 1897, ta ba da shawarar a kira yankunan da ke hannun Kamfanin Neja da sunan Nijeriya. Ta auri Gwamna Lugga a 1902, ta rasu a 1929. Mulkin mallakar da ta goyi bayansa ya ƙare a 1960, amma sunan da ta raɗa ya zauna har yau.