Walter Kaaden, injiniyan da ya gano sirrin salansar babur

Sunan Walter Kaaden ba sananne ba ne a ƙasar Hausa, amma binciken da wannan injiniya ɗan Jamus ta Gabas ya gudanar a kan injin babur da salansarsa shi ne ya buɗe wa kamfanonin Japan hanyar mamaye gasar tseren babura ta duniya, bayan da wani ɗan tserensa ya gudu da sirrin aikin a shekara ta 1961.

A shekarun da babura irin su Suzuki da Yamaha da Jincheng suka cika titunan birnin Katsina, akwai abubuwa biyu da bakanike a Ƙofar Marusa ko wata unguwa kan fara dubawa idan aka kawo masa babur da ya rage ja. Da farko zai kwance fulogi ya dubi bakinsa. In ya same shi baƙi ƙirin, jiƙe da mai, ya san man ya yi yawa ko kuma wuta ta yi rauni. In ya yi fari fat, injin na ɗaukar zafi fiye da kima. Launin ƙasa-ƙasa kuwa shi ne alamar lafiya. Daga nan sai ya koma kan salansa, ya kwance ta ya ƙone daskararren hayaƙin da ya toshe cikinta, domin ya sani cewa a irin wannan inji toshewar salansa kaɗai ta isa ta kashe wa babur ƙarfi. Abin da bakaniken ya koya ta hanyar gogewa, wato cewar salansa wani ɓangare ne na injin kansa, shi ne Kaaden ya ɗauki shekaru yana aunawa da lissafi har ya mayar da shi ilimi.

An haifi Kaaden ne a ran 1 ga watan Satumba na shekara ta 1919 a ƙauyen Pobershau da ke yankin tsaunuka na jihar Saxony, dab da kan iyakar ƙasar Cek ta yanzu. Mahaifinsa direba ne na wani babban jami'in kamfanin DKW da ke garin Zschopau, kamfanin da a ƙarshen shekarun 1920 ya fi kowane ƙera babura a duniya. Ta haka yaron ya tashi cikin ƙarar injuna, kuma yana ɗan shekara bakwai aka je da shi bikin buɗe filin tsere na Nürburgring a 1927. Ya yi karatun injiniya a birnin Chemnitz.

Yaƙin duniya na biyu ne ya fara cin moriyar iliminsa. A 1940 ya kama aiki a masana'antar jiragen sama ta Henschel da ke kusa da Berlin, ƙarƙashin Herbert Wagner, wanda ya ƙirƙiro makamin nan Hs 293 da ake harbawa daga jirgin sama a kuma sarrafa shi da na'urar rediyo. An daɗe ana yaɗa cewa Kaaden ya yi aiki ne a kan rokokin V-1 da V-2, lamarin da bincike na baya-bayan nan ya nuna ba haka ba ne. To amma makamin da ya yi wa aiki shi ma ya zubar da jini: da shi ne aka nutsar da jirgin ruwan Rohna a gaɓar tekun Aljeriya a watan Nuwamba na 1943, inda sojojin Amurka sama da dubu ɗaya suka halaka. Wannan wani babi ne na rayuwarsa da masu sha'awar tseren babura kan yi saurin tsallakewa. A ƙarshen yaƙin dai Amurkawa sun tsare shi na wani lokaci kafin ya koma gida.

Gidan da ya tarar ya zama kufai. Yankin Saxony ya faɗa hannun Tarayyar Sobiyet, wadda ta kwance injunan masana'antar Zschopau ta yi gaba da su a matsayin diyyar yaƙi, yayin da shugabannin kamfanin suka ƙaura zuwa yammacin Jamus. Kaaden ya buɗe wurin aikin katako yana haɗa sandunan rufin gidaje, abin da ake matuƙar buƙata a ƙasar da bama-bamai suka ragargaza. A gefe guda kuma ya haɗa wa kansa babur na tsere a kan samfurin DKW RT 125, yana shiga ƙananan gasanni da shi. Wannan ne ya jawo hankalin hukumomin masana'antar, wadda gwamnati ta sake tayarwa, suka damƙa masa sashen tsere a shekara ta 1953. Daga 1956 masana'antar ta koma amsa sunan MZ.

Domin fahimtar abin da ya yi, wajibi ne a san yadda injin da masana ke kira mai bugu biyu yake aiki, wato irin wanda ake gauraya wa fetur da mai. Shi wannan inji ba shi da bawul a kansa. Fistin ne da kansa yake buɗewa da rufe wasu ƙofofi da aka huda a jikin silinda. Yana da sauƙin ƙerawa da sauƙin gyara, amma yana da babban aibi guda: ƙofar da sabon mai ke shigowa da ƙofar da hayaƙi ke fita kan kasance a buɗe lokaci ɗaya, saboda haka wani kaso na man yakan bi hayaƙi ya fice ba tare da ya ƙone ba. Wannan ya sa a farkon shekarun 1950 manyan kamfanonin Italiya da Birtaniya suka ɗauke shi a matsayin injin talakawa, mai kai ma'aikaci wurin aiki, wanda ba zai iya karawa da injuna masu bugu huɗu a fagen tsere ba.

Kaaden bai ƙirƙiri kome daga babu ba. Salansa mai kumburarren ciki, injiniyan DKW Erich Wolf ne ya fara gwada ta a yammacin Jamus a 1951. Faifan ƙarfe mai juyawa da ke tsara lokacin shigar mai cikin inji kuwa dabarar Daniel Zimmermann ce, wani makaniki ɗan Jamus ta Gabas. Gudummawar Kaaden ita ce ya gane dalilin da ya sa waɗannan abubuwa suke aiki, sa'annan ya haɗa su wuri guda. Ya yi amfani da na'urar auna igiyoyin motsi wajen bin diddigin abin da ke faruwa a cikin bututun, inda ya tabbatar da cewa duk lokacin da ƙofar hayaƙi ta buɗe, wani bugun iska mai ƙarfi kan ruga cikin salansa da saurin sauti. A inda bututun ya fara faɗi, bugun yakan haifar da zuƙa wadda ke janye ƙonannen hayaƙi daga silinda, har ma ta jawo sabon mai a bayansa. A inda bututun ya sake tsukewa kuma, bugun yakan dawo da baya kamar amsa-kuwwa a cikin rijiya, ya tura man da ya tsere ya koma cikin silinda dab da lokacin da fistin zai rufe ƙofa. Sakamakon haka injin kan cika da mai fiye da yadda girmansa zai iya zuƙa da kansa.

Wahalar ita ce wannan amsa-kuwwa sai ta iso a daidai lokacinta, kuma lokacin ya danganta ne da tsawon bututun, da saurin juyawar inji, da ma zafin hayaƙin. Kuskuren 'yan milimita kan ɓata lissafin baki ɗaya. Don haka Kaaden da 'yan tsirarun ma'aikatansa suka riƙa yanka farantin ƙarfe suna walda suna gwadawa, salansa bayan salansa. A 1954 injinsu mai cc 125 yana ba da ƙarfin doki 13. Zuwa 1961, bayan ƙarin wata ƙofa ta uku ta shigar mai, ya kai ƙarfin doki 25, wato daidai da doki 200 a kowace lita, matsayin da wani inji mai shaƙar iska da kansa bai taɓa kaiwa ba kafin wannan lokaci.

Duk wannan an yi shi ne cikin ƙarancin kayan aiki. Jamus ta Gabas ba ta da kuɗin musaya na ƙasashen waje, ƙarfen da ake samu kuwa ba koyaushe yake jure zafin da injin ke haifarwa ba, ta yadda fistin kan cije a tsakiyar tsere. Fulogi ma matsala ce ta kullum, domin wanda ya dace da gudu mai tsanani yakan jiƙe da mai idan inji na da sanyi, shi ya sa makanikan tsere na wancan zamani kan ɗumama inji da fulogi iri guda, sa'annan su sauya shi kafin a tashi. Duk da haka nasara ta fara zuwa. Horst Fügner ya ci babbar gasar Suwidin a rukunin cc 250 a 1958, sai kuma Ernst Degner da ya lashe ta Italiya a filin Monza a rukunin cc 125 a 1959, a gaban idon kamfanonin Italiyan da suka raina injin.

Degner, wanda ya shiga MZ a 1956, gwanin tsere ne kuma ƙwararren makaniki da ya san ciki da wajen aikin Kaaden. A 1961 shi ne ke kan gaba a gasar duniya ta cc 125, kuma gwamnatin gurguzu ta Berlin ta Gabas na dakon kambin da za ta yi alfahari da shi. A ran 13 ga watan Agusta aka fara gina katangar Berlin. Makonni kaɗan bayan haka, a tsakiyar watan Satumba, aka fitar da matar Degner da 'ya'yansa biyu a ɓoye cikin but ɗin mota zuwa Jamus ta Yamma, yayin da shi yake garin Kristianstad na Suwidin, inda nasara za ta iya ba shi kambin duniya. Injinsa ya lalace tun a farkon tseren. Bayan an tashi ya shiga motarsa ya bi ta Denmark ya tsallaka yamma. Hukumomin Jamus ta Gabas sun zarge shi da lalata injin da gangan, zargin da hukumar tseren babura ta duniya ta yi watsi da shi daga baya, amma kafin nan ya rasa tseren ƙarshe a Ajantina, kambin kuma ya tafi ga Tom Phillis na kamfanin Honda.

A watan Nuwamba Degner ya sauka a Hamamatsu, hedikwatar Suzuki, kamfanin da baburansa na tsere suka sha kunya a Turai a 1960 da 1961. Har yau ana muhawara a kan yawan zane-zane da sassan inji da ya tafi da su, amma ba a muhawara a kan sakamakon. A 1962 Degner ya ba Suzuki kambinta na farko na duniya a rukunin cc 50. A 1963 Hugh Anderson ya ƙara mata biyu. A 1964 Yamaha, wadda ita ma ta rungumi faifai mai juyawa da salansa mai kumburi, ta ci rukunin cc 250 da Phil Read. Daga tsakiyar shekarun 1970 har zuwa 2001, injuna masu bugu biyu ne suka riƙa lashe babban rukuni na cc 500. MZ kuwa ba ta taɓa cin kambin duniya na tseren kan kwalta ba. Takunkumin tafiye-tafiye da ƙasashen ƙungiyar tsaro ta NATO suka ƙaƙaba wa 'yan Jamus ta Gabas ya ƙara dagula mata lissafi. Lokacin da Alan Shepherd ɗan Birtaniya ya ci gasar Amurka a Daytona a kan MZ a 1964, Kaaden bai samu izinin shiga ƙasar ba.

Inda aka kasa ƙwace masa nasara shi ne a daji. Gasar kwanaki shida ta gwajin juriyar babura, wadda aka fara a Ingila a 1913, ba ta gudu zalla ba ce. Mahaya kan ratsa duwatsu da laka da rafuka bisa ƙayyadadden lokaci, ana yi wa muhimman sassan babur alama don kada a sauya su, kuma mahayi ne kaɗai ke da izinin gyara abin hawansa. A nan ana buƙatar inji mai ja tun daga ƙasa, mai tashi bayan ya sha ruwa, wanda za a iya sauya masa fulogi ko taya cikin 'yan mintuna da hannu mai rawar sanyi. Sashen da Kaaden ke jagoranta ya daidaita injuna da salansoshi domin wannan buƙata, kuma tawagar Jamus ta Gabas a kan baburan MZ ta ɗauki babban kofin sau biyar a jere daga 1963 zuwa 1967, ta sake ɗauka a 1969.

Ta hannun Japan ne wani ɓangare na wannan ilimi ya iso Afirka ta Yamma. Baburan kan titi ba su ɗauki salansar tsere yadda take ba, saboda ƙararta da kuma ƙuncin zangon da take aiki a cikinsa, amma faifai mai juyawa ya shiga ƙananan babura irin su Suzuki A100, kuma lissafin tsawo da faɗin bututu ya zama abin da kowane mai ƙera inji mai bugu biyu ke la'akari da shi. Wannan ne dalilin da ya sa matashin da ya yanke salansar baburinsa don neman ƙara yakan wayi gari da babur mai shan mai da ƙarancin ja. Daga baya dokokin hana gurɓata iska da tsadar fetur sun ture irin waɗannan injuna, inda masu bugu huɗu irin su Bajaj Boxer suka maye gurbinsu a hannun 'yan acaɓa, ko da yake ƙananan janareto da injunan yankan itace na ci gaba da amfani da su.

Degner ya ƙone ƙwarai a wani haɗari a filin Suzuka na Japan a 1963, ya kuma mutu a tsibirin Tenerife a 1983. Akwai kwana a wannan fili da ke ɗauke da sunansa. Kaaden bai bar yankin da aka haife shi ba. Ya ga faɗuwar katangar Berlin a 1989, ya kuma ga yadda masana'antar MZ ta durƙushe bayan sake haɗewar Jamus, dubban ma'aikatanta suka rasa aiki. Ya rasu a garin Thum, 'yan kilomita daga Zschopau, a ran 3 ga watan Maris na 1996, yana da shekara 76.