Jacques Cousteau: Mutumin da ya buɗe ƙofar ƙarƙashin teku

Shekaru aru-aru alhazan ƙasar Hausa, daga Bauchi, Kano da sauran garuruwa, suna bin hanyar ƙasa zuwa Sudan, su tsallaka Bahar Maliya su isa Jidda. Sun san saman wannan ruwa sarai. Abin da ke ƙarƙashinsa kuwa, wani Bafaranshe mai suna Jacques Cousteau yana cikin waɗanda suka fara nuna wa duniya.

An haife shi a Faransa ranar 11 ga Yuni, 1910. Ya shiga makarantar sojan ruwa a 1930 da burin tuƙa jirgin sama, amma hatsarin mota ya karya masa hannuwa. Iyon da ya riƙa yi don ya murmure shi ya haɗa shi da teku.

A 1943, shi da injiniya Émile Gagnan suka ƙera Aqua-Lung, na'urar da ke ba mai nutso iska daga tukunyar da ya goya, daidai da jan numfashinsa. Daga nan mutum ya iya yawo cikin ruwa ba tare da an ɗaure shi da jirgi ba.

A 1963 ya kafa gidajen ƙarfe a ƙarƙashin ruwa a Sha'ab Rumi, kusa da gaɓar Sudan, inda duwatsun murjani ke tsaye kamar ganuwa kafin su gangara cikin zurfi mai duhu. Mutanensa sun yi wata guda a zurfin mita 10, kifaye masu launi iri-iri da kifin shak suna kewaye da su. Fim ɗin wannan aiki ya ci lambar Oscar.

Sai dai tarihinsa bai rasa tabo ba. A fim ɗinsa na 1956, an ga ma'aikatansa suna fasa nakiya a kan murjani domin ƙidaya kifayen da suka mutu. Daga baya ya sauya hanya: a 1960 ya yi adawa da zubar da sharar nukiliya a Bahar Rum, a 1973 kuma ya kafa ƙungiyar kare teku mai ɗauke da sunansa.

Ya rasu a birnin Paris ranar 25 ga Yuni, 1997, yana da shekara 87. Murjanin da ya nuna wa duniya yau yana fuskantar ɗumamar ruwa da gurɓata.