Umrao Singh: Manomin Palra da ya ƙi barin igwarsa

A daren 15 ga Disamba, 1944, a kwarin Kaladan na ƙasar Burma, wani sajan igwa ɗan Indiya mai shekara 24 ya kare matsayinsa har harsashi ya ƙare, sannan ya ɗauki sandar ƙarfe ya ci gaba da faɗa. Sunansa Umrao Singh. Dakarun da igwarsa ke mara wa baya su ne Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda ta ƙunshi sojojin Nijeriya, Gambiya, Saliyo da ƙasar da ake kira Ghana a yau.

An haife shi ranar 21 ga Nuwamba, 1920, a ƙauyen Palra da ke jihar Haryana ta yanzu, cikin gidan manoma marasa ƙarfi. Ya shiga soja a 1939, shekarar da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, aka tura shi sashen igwa, inda ya kai matsayin saje. Ƙananan igwogin da ake hawa duwatsu da su ne aikinsa, waɗanda ake kwancewa gunduwa-gunduwa a bi da su ta inda babu hanyar mota.

A wancan dare, sojojin Japan sun shafe kimanin sa'a ɗaya da rabi suna yi wa wurin luguden wuta da igwogi, daga nan sojojin ƙasa suka afka musu. Gurneti ya raunata shi sau biyu, amma ya ci gaba da ba yaransa umarni, shi kuma ya riƙe mashinga har aka kora harin farko. Aka kora na biyu ma, sai dai mutum biyu kaɗai suka rage tare da shi. Da aka kawo hari na uku, harsashi ya ƙare. Ya rarumi sandar ƙarfen da ake ɗaga igwa da ita, ya tari abokan gaba gaba da gaba, har aka buge shi a kai ya faɗi.

Sa'o'i shida bayan haka, da aka sake ƙwace wurin, aka tarar da shi a sume kusa da igwarsa, da munanan raunuka bakwai a jikinsa, gawarwakin sojojin Japan goma kewaye da shi. Igwar ba ta lalace ba. A ranar aka koma harbi da ita. A watan Oktoba na 1945, Sarki George na Shida ya maƙala masa lambar Victoria Cross, mafi girman lambar jarumta ta Birtaniya, a Fadar Buckingham.

Bayan Indiya ta sami 'yancin kai a 1947, ya ci gaba da aiki a rundunar ƙasarsa, daga bisani ya yi ritaya, aka kuma ba shi muƙamin kyaftin na girmamawa. Ya koma Palra, ya ci gaba da noman 'yar gonar gidansu da ba ta wuce eka biyu ba. Masu tara kayan tarihi sun taya lambar da kuɗi masu yawa, ya ƙi sallamawa duk da ƙuncin da yake ciki, domin a ganinsa sayar da ita cin amanar waɗanda suka mutu a gefensa ne.

Amma bai ɗauki girmamawa a matsayin madadin haƙƙi ba. A 1995, lokacin da aka gayyace shi Landan bikin cika shekara 50 da ƙarewar yaƙin, ya koka wa Firaminista John Major kan alawus ɗin masu wannan lamba, wanda ya tsaya a fam 100 a shekara tun fiye da shekara 30 da suka wuce. A wannan shekarar aka ɗaga shi zuwa fam 1,300.

Ya rasu a asibitin soja a New Delhi ranar 21 ga Nuwamba, 2005, ranar da ya cika shekara 85. An mayar da gawarsa Palra, aka yi masa bankwana da cikakkiyar karramawar soja.