Peter Kropotkin: Yariman Rasha da ya ce taimakon juna ma dokar halitta ce

An haifi Peter Kropotkin a birnin Mosko a 1842, cikin gidan sarauta mai ɗimbin gonaki da bayi manoma. Ya yi karatu a makarantar soja ta 'ya'yan manya, har ya zama hadimi na kusa ga Sarki Alexander na Biyu. Da ya kammala a 1862, sai ya bar fada ya nemi a tura shi Siberiya.

A garin Chita ya yi aiki a matsayin dogarin wani janar, aka kuma sa shi cikin kwamitin gyaran gidajen yari. Ya tattara bayanai, aka rubuta shawarwari, amma hukuma ta jingine su. Wannan ya rage masa imani da cewa gyara zai iya fitowa daga sama. Daga nan ya duƙufa kan binciken ƙasa, yana keta dazuzzuka da duwatsu.

Ya shiga Siberiya ne da littafin Charles Darwin na 1859 a ransa, yana tsammanin ganin dabbobi 'yan jinsi ɗaya suna hallaka juna kan abinci. Abin da ya fi gani shi ne halittu suna haɗa kai don tsira daga sanyi da yunwa.

Ra'ayinsa na adawa da mulkin gwamnati ya jawo aka kama shi a 1874. Ya tsere a 1876, ya sake shan ɗauri a Faransa, sannan ya zauna a Ingila. A can ne, a 1888, Thomas Huxley ya wallafa maƙala yana kwatanta rayuwar halittu da fagen daga inda mai ƙarfi da wayo kaɗai ke tsira, kuma ɗabi'ar kirki sai ɗan Adam ya yaƙi halinsa na asali kafin ya same ta. Kropotkin ya mayar da martani da jerin maƙaloli daga 1890, waɗanda suka zama littafinsa kan taimakon juna a 1902. Ya kawo misalin tururuwa da ƙudan zuma, da dawakan jeji da ke yin da'ira su kare 'ya'yansu daga kyarkeci, da aikin gayya na ƙauyuka. Bai musanta gasa ba. Ya dai ce jinsin da ya iya haɗin kai shi ke daɗewa.

Hujjarsa tana da giɓi: bai bayyana yadda halin sadaukarwa zai yaɗu ba, alhali mai son kansa ne ke cin ribarsa. A 1964 William Hamilton ya nuna da lissafi cewa taimakon dangi yana kare ƙwayoyin gadon da ake tarayya a kansu. A 1971 Robert Trivers ya ƙara da bayanin ba-ni-in-ba-ka tsakanin waɗanda ba dangi ba. Har yau masana na jayayya kan ko waɗannan sun isa su bayyana mutumin da ke ceton baƙon da ba zai sake gani ba.

Kropotkin ya koma Rasha a 1917, ya ƙi muƙamin minista, ya kuma rubuta wa Lenin yana sukar garkuwa da mutane da gwamnatinsa ke yi. Ya rasu a Dmitrov ranar 8 ga Fabrairu, 1921, bai ƙarasa littafinsa kan asalin ɗabi'ar kirki ba.